Abarshi Mai Amya da Wutar Farauta

Tun Turawa ba su san hanyar ƙasar nan ba, a zamanin da Birnin Gwari ke rufe ƙofofin ganuwa da la'asar don tsoron mahara, an yi wani mutum ana ce masa Abarshi. Uwarsa ta binne 'ya'ya da dama kafin shi, shi ya sa ta sa masa wannan suna. Mutuwa kuwa ta bar shi, amma shi bai taɓa barin kansa ya huta ba. Ko tuwo a tsugune yake ci, ido na kan ƙofa.

Ya yi noma, dawa ba ta nuna ba ya bi fatake Gwanja. Ya dawo ya shiga maƙera, zaman zuga ya ishe shi, ya gudu. Sana'ar da ta riƙe shi a ƙarshe ita ce wadda ba ta son mazauni. Wani tsoho cikin Kamukawa ya koya masa saƙa amya, wato gidan zuma na ciyawa da ake shafe shi da kashin shanu a rataye a bishiya. Daga nan Abarshi ya zama ɗan daji. Yau yana kan wannan ɗorawa, gobe yana kan waccan kaɗanya, ƙafa duk faso.

Matarsa Furera daddawa take yi. Takan ce ita da mijinta bishiya ɗaya ke ci da su: ƙudan zumansa su sha furen ɗorawa, ita ta kwashi kalwa.

Kowace shekara da rani akan yi farautar gari. Sarkin Dawa Nababa, wani dattijo mai kaurin murya, shi ke sa a buga gangi, mazan birni da na ƙauyuka su fito da karnuka da kwari da baka, a kewaye daji a cinna wuta. Gada da gwanki da zomo su yi ta fitowa a ruɗe. Da yamma a dawo ana kirari, kowane gida na ƙamshin nama. Abarshi ma bai taɓa fashin ta ba.

Wata shekara jita-jitar mahara ta yi yawa, aka yi ta ɗaga farauta har ciyawa ta bushe ƙayau, ɗorawa ta yi fure ja. Da aka tashi yi kuma, ba wanda ya yarda ya yi nisa da ganuwa, sai aka cinna wa dajin kusa wuta, inda ɗorawar gari take, inda kuma Abarshi ya rataye amyarsa. Iska ta taso. Wutar da aka saba gani tana bin ƙasa ta miƙe ta kama rassa. Abarshi ya jefar da bakansa ya yi ta gudu daga bishiya zuwa bishiya, bai ceci ko amya ɗaya ba. Washegari ya tarar da zuma ta narke ta bi bawon itace ta ƙone baƙi ƙirin, matattun ƙudaje tuli a ƙasa.

Shekarar nan ba a sami kalwa ba. Miyar gari ta koma lami, tukwanen Furera suka yi ta zama a kife.

Abarshi ya tafi wurin Sarkin Dawa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya roƙi a daina sa wuta a wannan yanki. Nababa ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wuta ba ta da linzami. Farauta kuwa mun gaje ta. In hana mutane nama don ƙuda?"

Abarshi ya fito ransa a jagule. Zama ya gagare shi a gida, ya yi ta zagaya ƙonannen dajin kamar mai neman abin da ya yar. A nan ya gamu da Jaji, wani Bafulatani da yake samun kashin shanu a rugarsa. Jaji ya ja shi ya nuna masa burtalin da shanu ke bi zuwa rafi. Gefe ɗaya toka ce, ɗaya gefen kuma ciyawa na nan tsaye, ko babbaka ba ta yi ba. Wuta ta zo ta tarar da ƙasa tsirara, ta rasa abin ci, ta mutu.

Tun daga ranar Abarshi ba shi da wata magana sai ta a share hanya mai faɗi a kewaye ɗorawar gari. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai gayya. To amma gayya gonar wani ake yi wa, mai gona ya ciyar. Daji kuwa na kowa ne, don haka kowa ya ce ba nasa ba ne. Damina guda ya yi yana yawo, unguwa unguwa, ƙauye ƙauye, har ƙauyukan wajen Damari. Wasu su yi masa dariya, wasu su ce Allah ya kai mu. Gonarsa ta cika da ciyawa. Ya rame, idanu suka faɗa.

Furera ce ta gaji da kallonsa. Wata rana ya dawo yana shirin sake fita, ta tare ƙofa ta ce, "Maigida, ka yi ta roƙon maza, su kuwa nama suke tunawa. Mai tuƙa tuwo ita ta san zafin rashin daddawa. Zauna ka ci abinci, ka bar mini."

Bai zauna ba, amma ya bar mata. Ta bi matan gari a bakin rijiya da wurin daka, suka yi shawara su za su ciyar. Wannan ta kawo gero, waccan ta kawo kuka, matan Gwarawa suka sauko da doya a kafaɗa. Da aka gama girbi aka kira makaɗan noma. Maza dai ba sa jin ganga da ƙamshin tuwo su zauna. Aka fito da fartanya da gatari, samari suna gasa a gaban 'yan mata, ana sharewa ana tara ciyawa ana ƙonewa kaɗan kaɗan tun tana da sauran danshi. Da aka gama, Jaji ya koro shanunsa suka tattake hanyar ta zama fako. Nababa ya zo ya tsaya da sandarsa ya duba. Bai yaba ba, amma ya ci tuwon.

Ranar farauta Abarshi bai riƙe baka ba, ɗanyen reshe ya riƙe, yana sintiri a kan hanyar. Wuta ta zo da rugugi, ta kai bakin fako, ta tsaya. Sai dai a wani lungu inda 'yan wata unguwa suka yi ha'inci suka ƙuntata sharar, nan ta tsallaka. Shi da mata suka yi ta bugun ta da ganye har suka ci ƙarfinta. Bishiyoyi kaɗan suka tafi, hannunsa na dama ya sale, tabon bai ɓace ba har abada. Sauran ɗorawar ta yi 'ya'ya har rassa na rinjaya.

Shekara ta zagayo, ba wanda ya roƙi kowa, Nababa da kansa ya sa aka yi shelar gayya kafin a buga gangi. Dattawa suka ce a ɗora wa Abarshi kula da wurin, a yi masa bukka a bakin hanya ya zauna. Ya gwada. Bai yi wata biyu ba ya fara cewa amya ta yi yawa a nan, kowa ya koyi saƙa ta, ƙudaje na cunkoso. Ya ji labarin wani daji can yamma inda ba a share komai. Furera ta ce ita ba ta barin tukwanenta. Ya riƙa tafiya yana dawowa, kowace tafiya ta fi ta baya tsawo.

Wata bazara ya fita da igiya a kafaɗa, bai dawo ba. A shekarar nan mahara sun yi ɓarna a hanyoyin yamma, wasu suka ce kama shi aka yi. Wani falke kuma ya rantse ya ga mai tabo a hannu yana gardama da mafarautan wani gari a kan wuta. Furera ba ta yi takaba ba. Ta ci gaba da shugabantar masu girkin gayya har ta tsufa, in aka tambaye ta labarin mijinta sai ta ce ai yana hanya.