Hancin Motar Dabo

Dabo taubashina ne, ɗan ƙanin Innarmu, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa na riga na faɗa masa ido da ido. A Anka aka haife shi, a Gummi ya zo ya dame mu. Tun yana yaro ba a taɓa ba shi abu ya kai ƙarshensa ba. An sa shi boko ya gudu, an kai shi wajen tela ya ce zama yana sa masa ciwon baya, an ba shi tumaki ya kai kiwo ya dawo babu rabi. Da haƙar zinari ta buɗe a Dareta samari suka yi ta shiga rami, shi kuwa gogan ya tsaya daga sama yana gaya musu inda ya kamata su haƙa. Abu ɗaya Allah ya ba shi a wadace, shi ne baki.

Shekarar da gubar dalma ta yi ta kashe yara a Dareta da Tungar Guru, likitoci suka zo da fararen motoci, akori-kura masu dogayen ƙafafu. Duk wanda ya ga wannan damina ba zai manta da motocin nan ba. Hanyar da babur ke kafewa su suna bi, rafin da ya cika su faɗa su fita da yara marasa lafiya a ciki. Kowacce tana da wani baƙin bututu da ya taso daga gefen inji ya hau har saman gilashi, ta nan injin ke shaƙar iska idan ruwa ya kai mata ƙirji. Mutanenmu ba su iya sunan motar ba, ba su kuma nemi su iya ba. Suka ce mata mai hanci, sunan ya zauna.

Dabo ya samu aikin wanke motocin na 'yan watanni. Sau ɗaya tak aka ɗora shi a baya don ya riƙe jarkoki kada su kife, suka ƙetare wani rafi da shi. Iyakar iliminsa na mota ke nan a duniya: soso, bokiti, da wannan rafi. Amma wallahi fiye da shekara goma ya yi yana cin abinci da shi. Rafin da a farkon labari yake iya gwiwa, kafin a yi shekara biyar ya kai wuya, daga baya har wani kada ya shiga ciki.

Da ya dawo Gummi sai ya kafa majalisa wajen mai shayin bakin tasha, ya zama alƙalin motoci. Tsoffin akori-kurar da suka yi ta kai mu kasuwa da buhunanmu tun muna 'yan mata, ya sa musu suna motocin awaki. Sababbin da 'yan siyasa ke rabawa ya ce gwangwani ne. Mota ɗaya ce a duniya, mai hanci. Abin takaicin, manyan mutane da gemu suka yarda. Wanda ya samu a zinari, wanda ya samu a shinkafa, wanda ya sayar da shanu, kowa mai hanci yake nema, kuma sai an kira Dabo ya duba. Na taɓa ganin dubawar tasa da idona. Bai buɗe murfin inji ba. Ya zagaya motar, ya harbi taya da ƙafa, ya shafa bututun, ya gyaɗa kai, mai saye ya yi hamdala. Cikin 'yan shekaru masu hanci suka cika hanyar Anka zuwa Gummi, fara da ja da ruwan toka, kowane kamfani da kowane fasali, babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi duk motocin duniya suka tsiro da hanci lokaci guda.

Bara waccan ya sayar da gonar gadonsu ta Anka ya shiga birni, ya dawo da tasa. Fara ce sol, ta hannu, da hanci baƙi ƙirin yana ƙyalli. A filin firamare ya koyi tuƙi, ya kuma rushe musu katanga. Kada ku ɗauka neman abinci ya saya don ya yi. Ni sana'ata turara shinkafa, na roƙe shi ya kai mini buhuna kasuwa ya ce ƙaiƙayi zai ɓata masa fenti. Aikinta ɗaukar abokan ango da 'yan rakiyar kamfe, sauran kwanaki tana ƙofar gida yana wanke ta, aikin da ya fi iyawa.

Yanzu bari in zo kan Habsu, yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta Mamuda ya rasu ya bar ta da yara huɗu da gonar fadama a ƙetaren gulbi. Tana fita takaba 'yan'uwansa suka zo daga Bukkuyum suka ce za su raba yaran a tsakaninsu, don ba su ga da abin da za ta ci da su ba. Ba mugunta suka yi ba, haka ake yi. Habsu ta durƙusa ta roƙe su su bar mata shekara ɗaya. Suka ce to, in gonar Mamuda ta ci da yaran bana, su zauna wajenta, in ba ta ci da su ba, kada ta yi musu gardama. Ta sayar da tumakinta da gadonta na aure ta zuba a taki da man injin ban-ruwa, ta yi noman rani. Mace mai shekara arba'in, da zazzaɓi da komai, kullum tana cikin taɓo. Allah kuwa ya ba ta. Shinkafar da ta yi ko Mamuda bai taɓa yin irinta ba.

Sai dai ta yi latti, an riga an fara ruwa a gabas kafin a gama bugu, gulbi ya soma motsi. Ta yi magana da Faruku mai fito, wanda ke ƙetare da mutane da kaya a jirginsa, suka shirya zai kwaso mata kaɗan-kaɗan, ta biya shi da buhu ɗaya. Ban san wanda ya kai wa Dabo labari ba. Sai ga shi da sassafe ya sha babbar riga.

"Yaya Habsu, ina da mota ƙofar gida ki ba mai fito buhu? Mi za a ce da ni garin ga?"

Na ce masa a ce abin da aka saba cewa. Ya ce ni ba da ni yake ba. Na san lissafin da Habsu take yi, buhu ɗaya abincin wata ne ga yaranta. Kuma ba ta iya cewa a'a ga ɗan'uwa, tun muna yara haka take. Ta ce Allah ya saka masa da alheri.

Da hantsi ya ƙetare mashigi da motar babu kaya, ruwa iya gwiwa, ya fita yana danna ham kamar ya ci yaƙi. Mu muka bi jirgi. Lodin da za a gama kafin azahar ya kai mu la'asar, saboda sai da ya sa aka nemo tabarmi aka shimfiɗa a bayan motar, aka kuma sauke aka sake jerawa don wani buhu ya jingina da gilashi. Ya ce sawu ɗaya zai yi, mai hanci ba ta sawu biyu. Aka yi ta ɗorawa har bayanta ya zauna, aka ɗaure da igiya.

Kafin mu iso bakin gulbi ruwan ya canja. Ya yi ja, yana tafe da karare da kumfa, turken da ake ɗaure jirgi ya nutse. Faruku ya tare shi.

"Dabo, ruwan ga ba na safe na ba. Sauke mu ƙetara da shi kaɗan-kaɗan, ko ba a ba ni komi."

Habsu ma ta matso ta ce ta yafe, a sauke. Ni kuwa zaginsa na yi, ban ɓoye ba. Mutane sun taru a gaɓa biyu suna kallo, kuma wannan ne ya ƙarasa shi, don Dabo bai taɓa ganin taro ya ja da baya ba. Ya miƙa hannu ta taga ya bubbuga bututun.

"Ba ku ga hanci ba?"

Ya shiga. Motar ta tafi, ta tafi, har tsakiya, ruwa ya hau murfin inji. Sai ta yi tari sau biyu ta mutu. Muna tsaye muna ji yana ta murɗa makulli. Ruwa ya daki gefenta, ta karkace a hankali, igiya ta tsinke, buhunan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Habsu ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba, zama kawai ta yi a cikin taɓo. Dabo ya fito ta taga yana ihu a cece shi, babbar riga ta naɗe masa kai, Faruku ya je ya jawo shi cikin jirgi. Na so a ce buhu ya ɗauko a madadinsa, kuma har yau ban tuba da wannan ba.

Samari suka yi ta nutso, abin da aka tsamo bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Na hura wuta na turara abin da tukwanena za su ɗauka, amma ina rana? Ruwa ya sauko mana kwana da kwanaki, wadda aka turara ta yi fumfuna, wadda ba a turara ba ta tsira a cikin buhu.

Da ruwa ya ɗan ja, shanun wani Bafulatani suka jawo motar waje. Bakanike ya zo ya kwance hancin. Kusoshi huɗu ne suka riƙe shi a jikin ƙarfe, shi ke nan. Babu rami a ƙarƙashinsa, bai haɗu da inji ba, bai haɗu da komai ba, roba ce aka manna. Da ya girgiza shi sai gidan zanzaro ya faɗo. Ya ce ai dillalan birni sun daɗe da gane mutanen yankinmu ba sa tambayar inji, hanci suke tambaya, shi ya sa suke sayo shi buhu-buhu. Ranar majalisar mai shayi ta watse da wuri, kowane mai mota ya sulale gida yana aron sukundireba.

Kuna tsammani Dabo ya ji kunya? Ya ɗauki robar ya yi ta yawo da ita gida-gida yana nuna yadda aka cuce shi, yana rantsuwa da a ce ta gaske ce da ko digon ruwa bai taɓa buhu ba. Har gidan Habsu ya kai ta, ya zauna a kan tabarma kusa da shinkafar da ke wari, ya yi ta ba ta labarin abin da gyaran inji zai ci. Ita ce ta yi masa jaje.

Kafin kaka 'yan'uwan Mamuda suka zo. Ba su ɗaga murya ba, ita ma ba ta yi gardama ba, tunda ta yi alkawari. Suka bar mata ƙaramin da bai daɗe da yaye ba, suka ce manyan ukun, Raihana da Usama da Mardiyya, su haɗa kayansu. Ana cikin neman motar da za ta kai su Bukkuyum sai Dabo ya ce haba, yana raye, ai tasa ta fito daga gareji, kuma ba zai karɓi ko kuɗin mai ba. Baƙin suka yi ta sa masa albarka. Aka ɗora yaran a baya da ƙunshin kayansu, Habsu ta bi motar da ƙafa har bakin kwalta, sannan ta tsaya.

Da yamma ya biyo ta gidan ya shaida mata sun sauka lafiya. Ya ce tun daga Gummi har Bukkuyum motar ko tari ba ta yi ba.