Wanda Ya Rasu a Gidan Tela

Ni mutumin Nijar ne, ɗinki ya kawo ni Accra tun ina saurayi. Matata kuwa haihuwar unguwar Nima ce a nan Accra, Hausarta ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji. Sai ta ce mini, "Malam, ƙanwata ya zo, yana gaishe ka." Da fari ina dariya, daga baya kunnena ya saba.

Gidanmu yana Maamobi, bakin babbar kwatar nan da ake ce wa gota. In ruwa ya sauka da ƙarfi sai ta cika ta shigo ɗakuna, mata su wuni suna kwalfa. Akwai wani shiri a rediyon unguwa, ran Lahadi bayan la'asar, inda ake buɗe waya kowa ya faɗi abin da ya dame shi: shara, aikin yi, karatun 'ya'ya mata, alkawuran 'yan siyasa. Matata ba ta fashin kira. Ba ta faɗin sunanta, sai ta ce, "Daga gidan tela, bakin gota." Maganarta ɗaya ce kullum. In za a yi taron unguwa a kan gota, a bar mata su zauna su yi magana, tunda su ke kwashe ruwan. Wani ya taɓa kira ya ce ta je ta kula da tukunyarta. Ta sake kira ta ce, "Yaya, tukunyar ma ruwa ya tafi da shi." Ina kan keken ɗinki ina ji. Daga baya aka fara ajiye wa mata benci a taron.

Ciwonta bai daɗe ba. Muka kai ta makwancinta, aka sa ranar addu'a. Maƙwabta suka kai sanarwa rediyo, ni ban ji ba.

Ranar addu'ar ina zaune a tabarma ƙofar gida, sai ga wani tsohon mahauci daga Sabon Zango, ɗan garinmu, tare da mutanensa. Ya taho yana share ido da hannun riga. Da ya gan ni ya tsaya cak.

"La'ilaha illallahu! Tela, ba kai ka mutu ba?"

"Da saura," na ce. "Zauna."

"Kai, tun daga mota nake yafe maka wandon da ka ɓata mini!"

Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa, ni ma na murmusa. Ya zauna ya faɗa mini abin da suka ji. Mai shirin ya ce, "Mai kiranmu na gidan tela ya rasu. Shi ne ya tsaya a kan maganar gota har mata suka samu wurin zama." 'Yan Zango duk sun gane. 'Yan garinmu kuwa, da ba sa bin shirin, suka ji tela, suka ji ya rasu.

"Har muna cewa ashe kana da baki haka," in ji mahaucin.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Shekara da shekaru tana kira, ana mata gatse tana jurewa, ga shi yanzu rabin gari na ɗauka namiji ne ya yi, kuma ni.

Ban taɓa kiran rediyo ba. Ran Lahadi na ɗauki wayarta, lambar tana nan a sama. Da aka ɗauka na rasa yadda ake farawa, sai na faɗi abin da take faɗa.

"Daga gidan tela, bakin gota."

Mai shirin ya ce, "Baba, kai ne maigidan? Allah ya ji ƙan shi, ya ba ka haƙuri."

"Amin. Ɗana, gyara na kawo. Ka ce ya rasu. Mace ce."

"Ai Baba, mun sani. Mu a nan haka muke magana, mace ya zo, namiji ya zo."

"Na sani. Ita ma haka take magana, ban taɓa gyara mata ba. Amma akwai masu ji da ba su sani ba, suna ba ni aikin da ban yi ba. Wannan guda ɗaya, ka faɗa mini shi da Hausar garinmu."

Ya gyara murya. A hankali ya faɗa, kamar mai taka tsanin da bai saba da shi ba.

"Jama'a, mai kiranmu ta gidan tela, ita ce ta tsaya a kan maganar gota. Ta rasu."

Tun ranar jana'iza mutane ke mini gaisuwa da Hausar unguwa, ina amsawa kamar labarin wani ake ba ni. Sai yanzu aka faɗa mini da harshen da uwata ta yi mini magana. Mai shirin yana cewa, "Baba, kana ji? Na faɗa daidai?" Na ce daidai ne, na gode. Na ajiye wayar, na rufe ƙofar shago tun rana ba ta faɗi ba.