Na-Sama, Wanda Ya Tallafe Farantin Farko

Kafin masu ofis su iso, shi ya riga ya baje ɗamarun hawa a kan teburin sito, yana bin ɗinkinsu da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fara sakin zare, gefe yake jefar da ita, ko wa zai yi fushi. Na-Sama ake ce masa, kuma shekara ashirin da uku ke nan ba a taɓa ɗauko wani da ya faɗo daga kan ƙarfen sabis ba a aikin da yake jagoranta.

Lokacin da aka kafa kamfanin sadarwar nan, ɗaki ɗaya ne a saman shagon wani tela. Injiniya, matar da ta kafa shi, tana da zane da ilimi, amma ba ta da mai hawa ƙarfen sabis. Shi kuwa gyaran fanka yake yi a bakin layi. Ta ce, "Malam, kana tsoron sama?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, maiɗakina kaɗai nake tsoro." Washegari ya kama aiki.

Ƙarfensu na farko a kan wani tudu suka kafa shi, don ƙauyukan bayan tudun su samu waya. Ranar da jami'an ba da lasisi suka zo gwaji, sai aka tarar iska ta karya notin da ke riƙe da farantin sadarwar da ke saman ƙarfen, farantin ya sunkuya. Babban jami'in ya duba agogo ya ce in kira bai shiga ba kafin sha biyu, za su wuce. 

Na-Sama ya ɗaura ɗamara ya haye. Babu wani notin a jakarsa, kuma wanda aka aika gari ya sayo bai dawo ba. Sai ya sa kafaɗa ya tallafe farantin, ya ƙwala wa Injiniya kira daga can, "Ki buga yanzu!"

Injiniya ta kira mahaifiyarta a ƙauyen bayan tudu, inda ta bar mata waya kwana ɗaya kafin nan. Tsohuwar ta ɗauka ta ce, "'Yar nan, kina ina? Na ji ki kamar a bakin ƙofa!" Jami'an suka yi ta gwada lambobi kusan awa biyu, Na-Sama yana can rana na dukansa. Aka sa hannu a takardar lasisi, aka ɗauki hoto a gindin ƙarfen. Hoton na rataye a ofis har yau, ba ya ciki, don bai sauko ba tukuna.

Kafaɗar nan ba ta sake komawa daidai ba. Maiɗakinsa ta ce shekaru ke nan ita ke sa masa hannun riga na dama. Bana likita ya hana shi hawa, wannan watan zai ajiye aiki.

Na-Sama, kai ne ka riƙe mana farantin har muryoyinmu suka tsallake tudu. Kai ne ba ka taɓa mayar wa wata uwa da gawar ɗanta a kan katako ba. Mun gode, Allah ya sassauta maka ciwon nan. Ku kuma da za ku gaji siton, ku duba ɗamarar abokin aikinku kamar ku ne za ku rataya da ita.