Tsumman da aka ɗaure wa injin rijiya

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe na ga tsumman. Na san lokacin don agogon Baba yana ajiye kan takalmansa a bakin rijiya, ni kuma ina zaune kusa da ƙwaryar furar da na kawo masa. Bana shekara arba'in ke nan da rasuwarsa.

Baba Hassan maginin rijiyar siminti ne. A waccan bazarar suna haƙa wata a wani ƙauye gab da Karofane, ni kuma na zo hutu daga koleji a Buza. Shi yana ƙasa yana fasa dutse, mutum biyu a sama suna murɗa injin hannu da ke jawo rabin tano, wato gangar ƙarfe, cike da duwatsu. Injin yana da ɗan harshen ƙarfe mai faɗawa cikin haƙoransa, ƙas-ƙas-ƙas, don ko hannu ya suɓuce kada kaya su koma. Ranar ban ji ƙas-ƙas ba. Na duba, sai na ga an ɗaga harshen an ɗaure shi da tsumma.

Na san amfaninsa, har na taɓa zana shi a kayena, littafin rubutun makaranta. Amma ni ce ɗiyar fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa ɗaga murya gabansa ba, balle cikin maza. Na buɗe baki sau biyu na rufe. Kafin sha ɗaya hannun injin ya ƙwace wa masu murɗawa, ya yi ta juyi shi kaɗai, tanon ya koma inda ya fito, a kan Baba.

Tun daga nan nake tambaya: wa ya ɗaura tsumman, don me? Inna ta ce kwana ya ƙare. Kawuna ya ce kwana ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ƙulla tsumma, hannun mutum ne ya ƙulla. Da na matsa sai a ce boko ya ɓata ni.

Abin da ke ƙona mini rai, har yau ba mu daddara ba. Watan jiya a Madawa na ga mota mai ƙugiya tana sauke zobban siminti. Mai sarrafa motar, waya na kunnensa, mutum uku kuma suna tsaye daidai ƙarƙashin zoben suna gardamar kokawa. Wannan karon na yi magana. Ɗayansu ya ce, "Hajiya, tahi abinki, mun saba." Mun saba! Da Baba ya ga injunan yanzu da ya yi murna, don ya sha cewa ƙarfe ya kamata ya ɗauki nauyi, ba bayan ɗan Adam ba. Amma ko da ya kore su daga ƙarƙashin zoben? A da zan rantse da ya kore su.

Rijiyarsa tana nan, mata na jan ruwa. Daga cikin masu murɗa injin saura Baba Nomau, ya tsufa, ba ya gani sosai. Bana na cire kunya na je na durƙusa gabansa, na gaya masa na ga tsumman ban faɗa ba, kuma shekara arba'in ina jin shiruna ne ya kashe ubana.

Sai ya ce:

"Ɗiyar Hassan, ubanki shi yac ce a ɗamre. Ƙaran ƙarhen nan na hana mu jin kiranai daga ƙasa. Ni na ɗamre, da hannun ga. Mu duka munka gani, babu wanda yat tanka, don shi na babba. Ke ko da kin yi magana, wallahi ni za ni hwara ce miki ki aje hura ki koma gida."