Ruɓaɓɓiyar Albasar Baffa

Warin ruɓaɓɓiyar albasa ya buge ni a kasuwar Jega, sai na tuna Baffa, marigayin da ya riƙe ni. Ba kewa ba ce. Buhu-buhu yake nomawa a Danwarai, amma mai kyau ta sayarwa ce, wadda ta fara ruwa ita ce tamu.

Ranar girkin amaryata na fari ta ɗauko lafiyayya guda. Ya fizge ta daga bakin wuƙa.

"Ke ɗiyag ga, wagga ta Jega ta! Ɗauko mai ruwa."

Ta yi kuka, muka sha miya mai wari. Wai tattali! Da shi ya fid da mu shekarar yunwa, na yarda, amma ban huce ba.

Allah ya ba shi Aljanna, ya hana shi makullin rumbunta.