Muryar da Velonjara Ya Aro

Shekara goma sha tara Velonjara yana bin gida ɗaya na babakoto, wasu manyan dabbobi masu kama da biri, masu baƙi da fari, da ba sa saukowa daga kan itace. Aikinsa ke nan: ya kurɓi ruwan ƙanzon shinkafa da sassafe, ya shiga kurmi, ya gano inda suke kafin baƙi masu ɗaukar hoto su iso. Da kunne yake nemansu, don kowace safiya sai sun rera kukansu. Uwar gidan babakoton kuwa Kaka yake ce mata, domin a ƙauyensu babakoto dangi ne.

Sai guguwa ta zo ta karya rabin kurmin. Kwana tara ba a ji kukansu ba. Velonjara ya kasa zama wuri ɗaya, abinci ma a tsaye yake ci. Matarsa ta ce ko ranar da ta yi naƙuda bai yi wannan safa da marwa ba.

Soazara, 'yar ƙanwarsa da ta gama jami'a, ita ta kawo shawara. Tana da kukan babakoto a wayarta, wanda ta ɗauka a wani daji can arewa.

"Kawu, ka kunna musu kawai. In suna da rai, za su amsa."

"Ke da boko, komai sai an danna," in ji shi. Amma ya karɓa.

Ya kunna a gindin itacen da suka fi so. Aka amsa nan take, muryar Kaka ce, kusa ƙwarai. Daɗi bai gama ratsa shi ba ya ji rassa na kaɗawa, kukan yana nisa, har ya ƙetare rafi. Sai a lokacin ya tuna abin da ya sani tun yana saurayi: kukan nan shela ce ta mai wuri. Sun raunana, ga baƙuwar murya a tsakar gidansu, sai suka bar wa baƙon wurin.

Soazara ta yi ta ba shi haƙuri. Ya ce ita ba ta sani ba, shi ya sani.

Hayin rafin ba yankin babakoton ba ne, kuma can ana ɗana tarko. Har yanzu kullum Velonjara yana zuwa gindin itacen, ya tsaya shiru, don Kaka ta ji cewa wurin babu kowa.