Katakon Jitar Kawu Obi

Wata Asabar ce cikin damina, shekara biyar da samun mulkin kai, ni kuma ina 'yar shekara tara. An ɗauke ruwa ke nan da hantsi, tsakar gidanmu na Inugu duk jar laka, kaji sun takure a jikin bango suna kakkaɓe fiffike. Baba ya shimfiɗa tabarma a baranda ya jera fallayen katako uku, farare sol, kowanne bai fi faifan garmaho kauri ba. Abokinsa Kawu Obi na tsugune a gefe da shuɗiyar rigarsa ta aiki. Baba ya kira ni daga wajen wanke-wanke, ya ce in goge hannuna in rufe ido. Sai ya riƙa ɗaga falle ɗaya da yatsu biyu yana ƙwanƙwasawa daidai kunnena. Na farko ya yi ƙara ya mutu nan take. Na biyu kamar an buga ƙofar ɗaki. Na uku kuwa ya ɗauki sauti ya riƙe, kamar an taɓa tasa an bar ta tana rawa. Na ce wannan. Kawu Obi ya kwashe da dariya ya ce, "Haruna, kai tela ne kawai. Mai jitar ga ta nan." Baba ya dafa kaina, ya ce daga yau ba za a yanka katako a gidan nan ba sai Dije ta saurara. Ban taɓa jin na kai mutum ba kamar ranar.

Gidan haya muke, ɗaki shida, a bayan kasuwar Ogbete, maƙwabtanmu mahauta da masu albasa, Kanawa da Katsinawa. Da safe muna makarantar allo a zaure, da yamma mu haɗu da 'ya'yan Ibo a bakin famfo, mu yi musu carafke su koya mana wasansu na tafi da tsalle, ana faɗa da Turancin Buroka ana shiryawa da Hausa. Baba yana da keken ɗinki a rumfa. Kawu Obi kuwa makaniki ne, garejinsa na Kol Kamp. Ibo ne, amma a Sabon Garin Zariya aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, in ya gaida Inna sai ya durƙusa ya bi gaisuwar daki-daki har ya tambayi gajiya da ruwa. Babur ne ya haɗa su. Baba ya sayi wani tsoho, baƙi, mai tari kamar ɗan taba, ya tura shi garejin, shi ke nan suka manne. Na Kawu Obi ja ne, kukansa siriri, yana da wani ɗan shaƙewa in zai canja giya. Duk Lahadi, in ya fito coci Baba kuma ya idar da azahar, sai su hau hanyar dutsen nan mai lanƙwasa da ke fita gari, su dawo da jar ƙasa har gira suna musun wa ya riga wa. Sau ɗaya Baba ya ɗora ni a kan tanki, na rufe ido tun daga ƙofar gida har muka dawo. Ni tun can ba mai son fita ba ce, ku bar ni a gida kusa da murhu ina jin hirar mutane.

Jitar kuwa sha'awa ce kawai, ba sana'a ba. Baba bai iya kaɗawa ba, Kawu Obi ne mai kiɗin, shi kuma bai da haƙurin sassaƙa. Sun yi guda biyu a baya, ta farko Kawu Obi ya ce kukanta na akwatin sabulu ne, ta biyu wuyanta ya lanƙwashe. Wannan ta ukun ita suka ɗauka da gaske, kuma ta Kawu Obi ce za ta zama. Baba ya sa wani mai kawo shanu ya taho masa da madobiya daga Arewa don baya da gefe, maɗaci don wuya, da baƙar zuciyar kanya don inda yatsu ke dannawa. Gam ɗin da kansa yake dafawa, da guntayen fata da ƙofato da mahauta ke ba shi, warin ya hana kowa sakat. Gefen jitar a jikin tsohuwar salansar babur suke tanƙwara shi, an cusa mata garwashi, ana yayyafa ruwa katakon na hayaƙi yana bin hannu. Tsirkiya kuma daga wayar birki Kawu Obi ke warwaro ta. Fuskar jitar ce kaɗai ba a samun irinta a dajinmu, don ita ke ba da murya, dole ta zama mara nauyi mai miƙaƙƙen zare. Kawu Obi ne ya samo ta daga wani akwatin injin da ya zo daga ƙetare, ya ajiye shekara uku yana jiran ta bushe. Fallen da na zaɓa Baba ya saƙale shi a ƙarƙashin kwanon madafi, inda hayaƙi zai hana ƙwaro da danshi.

Inna ba ta son wannan harka ko kaɗan. Mahaifinta malami ne, kuma matan gidan sun sa ta a baki, wai mijinta ya zama mai haɗa wa maroƙa kaya. In ta ji zarto sai ta ƙara ƙarfin daka. Ita sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, gidanmu har tabarmi ƙanshin gyaɗa suke yi. A wurinta na koyi kula da kayan itace. Sabon turmi, akushi, muciya, duk wanda ya fara nuna tsaga, sai ta dangwalo mai ta mulke shi sosai ta ajiye a inuwa, ta ce itace ma yana jin ƙishi. Haka uwarta ta yi, haka kowace mace da na sani take yi.

To, wata rana ina hura wuta na ɗaga kai, sai na hango wata 'yar tsaga kamar gashi a gindin fallen nan. Gabana ya faɗi, don ni na zaɓe shi, gani nake in ya lalace laifina ne. Na taka turmi na sauko da shi, na dangwalo man gyaɗa da tsumma na mulke wurin, faɗin tafin hannu biyu, na mayar. Har daɗi nake ji. Na ƙudura ba zan faɗa ba sai an gama jitar, sannan in ce ai ni na cece ta. Ban san gam ba ya kama katakon da ya sha mai ba. Ban san tsagar ma a gefen da za a yanke a zubar take ba, man kuwa ya bi zare ya ratsa har tsakiya.

Bayan kamar mako uku, ranar da za a manna, Baba ya sauko da fallen a gaban Kawu Obi. Hayaƙi ya bi man ya zauna, wurin ya yi baƙi ƙirin kamar an zuba baƙin man inji. Ya ƙwanƙwasa, ya sake ƙwanƙwasawa, ni da ke bakin ƙofa na ji muryar ta tafi. Ya shinshina, amma a gidanmu me zai ji in ba hayaƙi da gyaɗa ba? Sai ya tuna Lahadin da ta wuce, Kawu Obi ya gama kwance masa kafireto a tsakar gida, ya goge hannu da tsumma, ya shiga madafi ya duba katakon. Nan take ya ɗora masa laifin. Kawu Obi ya rantse gefe-gefe ya riƙe shi, ya ce shekara uku yana renon abin nan, ya za a yi ya ɓata nasa da hannunsa. Da farko cikin wasa yake maganar, har yana cewa a kira mai jitar ta yi shari'a. Baba bai yi dariya ba. Lokacin gari ya fara tsami, kullum ana taruwa a rumfarsa ana sauraron rediyo ana maganganu, wasu na yi masa gorin abota da wanda ba nasa ba. Ina jin duk wannan ne ya taru ya fito masa ta baki. Ya ce, "Dama an sha gaya mini, mutanenku ba su san darajar abu ba, sai dai su taɓa su ɓata."

Kawu Obi ya kalle shi. Sannan ya ce, a hankali, "A gidanka ka faɗa mini haka, Haruna, gaban 'yarka." Ya leƙa ya yi wa Inna sallama kamar yadda ya saba, ya tura babur ɗinsa har waje kafin ya tayar.

Ina tsaye a wurin, bakina ya ƙi buɗuwa. Ba dukan kaɗai nake tsoro ba, ko da yake Baba in ya fusata bulalarsa ba ta wasa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne kada a daina kirana in saurari katako. Da la'asar na kasa daurewa, na samu Inna tana matsar tunkuza na gaya mata komai ina kuka. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce tun ranar ta ga tsumman, kuma ta san man hannunta ko a ina ta gan shi. Ta ce, "Share hawayenki ki kama bakinki. Allah ne ya raba mu da kayan kiɗa." Na kama bakina. Uwa ta ba ni izinin yin abin da dama raina ke so, sai na kira shi biyayya.

Katakon da nake tsoron a daina kirana in saurara, ba a sake ƙwanƙwasa ko ɗaya ba a gidan. Baba ya ɗaure madobiyar da igiya ya tura ƙarƙashin gado. Babur ɗinsa ya koma gyarawa da kansa, yana yi yana tsaki, har ya kai sai an tura shi yake tashi, daga baya ya jingine shi a zaure kaji na kwana a kai. Ranar Lahadi sai ya zauna a baranda yana ɗinkin hannu wanda ba na gaggawa ba. Sau da yawa nakan ji jan babur ɗin ya shigo layinmu, in ji shaƙewar nan tasa, ya rage gudu daidai ƙofarmu, sannan ya wuce. Baba ma yana ji, don allurar takan tsaya. Kowannensu jira yake ɗayan ya fara, ni kuma da maganar ke bakina ina zaune ina tsince shinkafa.

Shekara ta zagayo ƙasa ta rikice. Jiragen ƙasa suka riƙa sauke Ibo daga Arewa, wasu da raunuka, wasu ba su ga 'ya'yansu ba. Mahaifiyar Kawu Obi tana Zariya a lokacin. Na ji Baba na tambayar wani mahauci ko ya ji labarin tsohuwar ta iso, amma bai taka zuwa Kol Kamp ba, tafiyar da ba ta kai a dafa shayi ba. Har yau ban san ko ta iso ba. Daga nan aka ce duk ɗan Arewa ya koma gida. Muka bar gado da babur da katakon, aka loda mu a bayan babbar mota da sassafe, an rufe mu da tamfol. Muna fita gari na ji babur a bayanmu, siririn kukan nan, ba ya matsowa ba ya ja da baya. Na taɓa gwiwar Baba na ce Kawu Obi ne. Ya ce babura da yawa a garin nan. Bai ɗaga tamfol ɗin ba. Babur ɗin ya bi mu tafiya mai nisa, sannan na ji ya rage, ya juya.

Sai bayan shekara ashirin na faɗa. Muna Kano, Inna ta rasu, ni ina da 'ya'ya huɗu, Baba ido ya yi rauni ya bar ɗinki. Na kai masa fura da rana, na zauna a bakin tabarma na ba shi labarin tun daga tsagar har tsumman, sunan Inna kawai na cire. Ya ajiye ludayin. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi. Ya ce, "Dije, da ranar kika faɗa, duka kawai zan yi miki, kafin magariba kin manta." Washegari ya sa jikansa ya rubuta masa wasiƙa, ya ba wani mai kai albasa Inugu. Bayan wata biyu mutumin ya dawo da ita a aljihu, ta yi laushi don zufa. Ya ce wurin garejin yanzu taya ake sayarwa, ya tambayi tsofaffin layin, babu wanda ya san inda mai shi ya nufa tun lokacin yaƙi. Baba ya karɓa ya sa ƙarƙashin matashi, bai sake zancen ba har ya koma ga Allah.

Yanzu babur ya cika gari, ba wanda ke fita da shi don daɗi, neman abinci ne kawai da ƙarar ham. Jita kuwa a shago ake sayen ta tana ƙyalli, jikana ya sayo wata, bai san sunan itacen da aka yi ta da shi ba, bai kuma ga dalilin tambaya ba. Yaran nan in sun ɓata da aboki, waya ce a hannu, kafin la'asar sun shirya. Mu a zamaninmu in mutum ya juya baya ya sha kwana, to ƙasa ta haɗiye shi. In jikokina suka fasa mini kofi suka zo suna rawar baki, tun kafin su gama nake cewa na yafe, har iyayensu na cewa ina ɓata su. Ba su san da wa nake magana ba. Duka ɗaya na guje wa, ga shi shekara sittin ina shan sa.